Lambar da Na Sauya

Ni ɗan Illela ne, na tashi a rumfar mahaifina muna buga lambar mota da ta babur. Sunansa ya kai har Ƙonni, domin bai taɓa buga lambar ƙarya ba. Ni na ɓata masa sunan, kuma har yau in na tuna Ilu sai zuciyata ta tafasa.

Ilu dillalin motocin Turawa ne, masu ƙetaro hamada su sayar a kan iyaka. Shi ya fara kawo mini lambar mota in sauya a ɓoye. Na yi, na ji daɗi, na ƙara.

Wata rana ya zo da katin banki na roba da ya zare wa wani Bature. Lambobinsa sun kumburo, ana jin su da yatsa.

"Wanga kati shi na kuɗɗi," in ji shi. "Mai shi ya kai ƙara, lambar ta mutu. Sauya ta da sunan. Mi kaka tsoro? Ba kamar ta mota ta ba?"

Wawa, na yarda! Na danne lambar farko da sunan da dutsen guga, na ɗauki ƙarafan Baba na buga tara a gurbin huɗu, na buga sabon suna.

Muka tafi wani babban otal a Kano, na miƙa katin mu biya kuɗin ɗaki. Akawu ya sa katin a injin da ke danna lambobin kan takarda, ya duba, ya dube ni. Ya ce irin wannan kati kullum da huɗu yake farawa. Lambobin gaba kamfani da banki suke nunawa, na tsakiya asusun mai shi, ta ƙarshe kuma tana tabbatar da sauran. Na waiga, babu Ilu. Matsiyaci!

'Yan sanda suka kama ni, suka bi sawun ƙarafan har rumfarmu. Suka fito da Baba da ankwa ranar kasuwa, yana cewa, "Mi na yi muku?" An sake shi, amma ba wanda ya ƙara kawo masa aiki. Ina kurkuku ya rasu.

Na fito, na tuba, Allah Ya yafe mini. Ku samari, duk wanda ya ce muku lamba ɗaya ce kawai, ku tashi ku bar masa wurin. Ni lamba ɗaya na buga a katin nan, ban samu sallar gawar ubana ba.