Akwatin Baturen Taurari

Ni baduku ne, ɗan malamin hisabi. A Garwa, zamanin Jamus, manomin unguwarmu ba ya zuba iri a ƙasa sai ya zo zauren Baba ya tambaya ko tauraron shuka ya kama. Fulani ma suna zuwa, a gaisa da Fillanci, su tafi da amsa. Sai cutar yana ta rufe masa ido. Lissafin yana nan a kansa daram, amma mutane, ka san halinsu, suka ce wanda ba ya ganin sama me zai faɗa a kanta. Zauren ya koma wurin kiwon kaji. Baba bai yi ƙorafi da kowa ba, sai dai kullum bayan magariba ya ɗaga fuska sama ya ce, "Tauraruwa Zara ta fito?" Tambayar nan tana cin raina.

Ana nan sai wani soja ya zo rumfata ya ce Bature na kira a bariki. Baturen ba na yaƙi ba ne. Aikinsa awon ƙasa, yana leƙen taurari da wani dogon madubi don ya san inda ƙasar Jamus ta tsaya ta wajen Yola. Yana da akwatin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe, ana taka shi da ƙafa yadda masaƙi ke yi. Zafin Garwa ya tsattsaga fatar zugazugin da ke cikinsa, ita ce ake so in canja.

Da guntuwar Hausarsa ya ce mini, "Fata kawai. Kada mai." Na ce to, ranka ya daɗe. A zuciyata kuwa na ce yaushe aka haifi wannan da zai koya mini fata? Duk fatar da za ta riƙa lanƙwasa sai ta sha man shanu, haka na gani a hannun maigidana. Na samo jar fatar akuya, na ɗinka kwana uku, na shafe cikin ninkin da mai, inda ido ba ya kaiwa.

Da na gama, Bature ya zauna ya taka. Murya ɗaya ta fara tafiya ita kaɗai. Ta biyu ta biyo sawunta, sannan ta uku, sannan wata mai kauri daga ƙasa. Babu wadda ta cim ma wata, babu wadda ta ture wata, kuma duk tare suka isa. Na kasa tattara kayan aikina.

Ya ce kiɗan ibadarsu ne, na kakannin kakanni. Masanansu na da sun ce ma'aunin da Allah ya auna tafiyar taurari da shi, da shi ya auna muryoyi. Tauraro mai sauri siririyar murya gare shi, mai jinkiri kuma kakkaura. "Kunne ba ya jin muryar taurari," in ji shi. "Wannan kwaikwayo ne."

Da na koma gida na ba Baba labari, amma na haɗiye maganar kwaikwayo. Na ce akwai akwati a bariki da ake jin tafiyar taurari a ciki. Ya ce murya nawa? Na ce huɗu.

"Taurari masu tafiya bakwai ne," ya ce. "To, kai ni in ji huɗun."

Shekara biyu bai nemi a kai shi ko'ina ba.

Bature ya fita rangadi, sai bayan wata guda ya dawo. Da la'asar Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, na riƙe masa sanda har bariki. Bature ya ba shi kujera, shi kuma ya zauna gaban akwatin ya taka. Ba kiɗa. Iska kawai, fuu, fuu. Ya sunkuya ya buɗe bayan akwatin, ni ma na leƙa. Ɓeraye sun cinye ninkin fatar kaf, daidai inda na shafa. Ya dangwala yatsa ya shinshina, ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan Baba. Tsohon ya karkato gaba, ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa, yana saurare da dukan jikinsa. Bature ya rufe akwatin ya koma ya zauna. Ya ci gaba da takawa, yatsunsa na bin haƙoran da ba sa cewa komai, har ya kai ƙarshen kiɗan.

Baba ya shafa fuska. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe numfashi suke yi."

Ba a sake ba ni akwatin ba. Kafin damina aka mayar da Baturen wajen Mora, ya tafi da kayansa. Ni dai har yau, in ina jan zare, muryoyin nan huɗu suna bin juna a kunnena, ni da ban san sunan tauraro biyar ba.

Baba ya ƙara damina biyu a duniya. Duk wanda ya leƙo gaisuwa sai ya gaya masa ya ji taurari da kunnensa, numfashi suke kamar mai hawan dutse, kuma ɗansa ne ya kai shi. Sai ya lalubo kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ni kuwa in ce amin.