Jet Shidan da Orval Ya Ɗaura

Orval Haskett bai taɓa yarda yana da hassada ba. In ka tambaye shi sai ya ce shi mai son gaskiya ne, abin da ke ɓata masa rai kawai shi ne yawancin masu samu ba su cancanta ba. Mu da muka zauna da shi a Wendover shekara da shekaru mun san sunan ciwon, amma ba ma faɗa, don babu makaniki irinsa a nan kusa, kuma kowa yana da motar da wata rana za ta buƙace shi.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran famfuna a masana'antar kanwa da ke bakin gari. Wannan aikin neman abinci ne. Inda ransa yake shi ne filin gishirin Bonneville, mako gudan nan na watan Agusta da mutane ke kwaso motocinsu su zo su ga iyakar gudun da za su iya a miƙaƙƙen layi. Injinsa ya girme shi da shekara biyu, mai silinda takwas, ƙirar 1948. A wata gona ya tsince shi yana jan ruwan rijiya, beraye sun yi gida a gindinsa. Ya kawo shi garejinsa ya kwance shi kaf, ya shekara goma sha bakwai yana goge nan yana fafe can, matarsa Bernice tana rubuta masa komai a wani littafi mai baƙin bango: zafin rana, abin da aka canja, gudun da aka samu. A 1998 motar da ya ɗora injin a kai ta yi mil ɗari da hamsin da takwas da ɗigo huɗu cikin awa, aka sa sunansa a littafin tarihi na rukunin tsofaffin injuna. 'Yar takardar da masu auna gudu suka ba shi ran nan tana cikin walat ɗinsa har yau, ta yi laushi kamar tsumma.

Shekara ashirin da ɗaya sunan yana nan ba wanda ya taɓa shi. Duk shekara idan sabon littafi ya fito, Orval kan buɗe shafin ya ce yana duba ko sun yi kuskuren rubutu ne.

Ba inji ne ya raba shi da tuƙi ba, ƙugunsa ne. Doka ce kafin a bar ka ka hau layi, sai ka nuna wa masu dubawa za ka iya kwance bel ka fice daga mota da sauri, da hular kwano da komai, saboda gobara. Shekara uku kafin labarin nan Orval ya gwada sau uku, sau uku ƙafarsa ta hagu tana maƙalewa a ciki. Masu dubawar duk yaran da suka tashi a hannunsa ne, suka sunkuyar da kai. Shi ya sauƙaƙa musu, ya cire hular ya ce ya gane.

Wanda ya karɓi motar shi ne Lyle Brandvold, ƙanin Bernice, likitan haƙori a Salt Lake. Lyle irin mutanen nan ne da komai ke zuwar musu a sauƙaƙe. Gashinsa bai zube ba, ƙugunsa lafiya lau, in ya jefa ƙugiya a ruwa kifi ya kama. Bai san sifana mai lamba goma da mai sha biyu ba sai ya karanta jikinsu. Abin da ya fi ci wa Orval rai shi ne mutumin kirki ne, ba ka samun inda za ka kama shi. Ranar da ya zo ɗaukar motar ya ce shi ba zai bari wani hannu ya taɓa injin ba sai na Yaya Orval, kuma da gaske yake. Haka Orval ya koma makanikin motar da ya haifa, yana tura ta da a-kori-kurarsa har ta kama wuta, sannan ya tsaya yana kallon bayanta tana ƙanƙancewa da wani a ciki.

Shekara biyu Lyle yana koyo, Orval yana kwana da daɗi. A ta uku, ranar Talata da hantsi, rediyon fili ya karanto ɗari da hamsin da tara da ɗigo shida. Bernice ta daka tsalle don ƙaninta, sannan ta tuna, ta saci kallon mijinta. Orval yana tafi. Tafin ne dai ba ya ƙara.

Gudu ɗaya ba ya karya tarihi. Mota in ta wuce abin da ke littafi, ana kai ta wani killataccen wuri a ba masu ita awa huɗu su duba ta, washegari da sassafe ta sake gudu. A haɗa biyun a raba biyu, in abin da ya fito ya ɗara na littafi, an share tsohon suna. Orval ya yi lissafin tun kafin su ƙarasa wurin. In gobe motar ta gaza ɗari da hamsin da bakwai, sunansa ya tsira.

Lyle ya fito daga mota yana haki, ya rungume shi da gumi da komai.

"Yaya, ka ji ta kuwa? Kamar ta tashi sama!"

"Na ji ta. Na kuma ji ka makara wajen sa giyar ƙarshe. Matsa ka ba ni wuri, Likita, nan ba bakin mutum ba ne."

Ya shimfiɗa tamfol a kan gishiri ya fara abin da ya saba. Ya cire fulogi takwas ya jera su bisa tsari, ya ɗaga kowanne yana duban launinsa da gilashin ƙara girma. Bakwai sun yi ruwan ƙasa mai kyau. Na shida ya yi fari tas kamar an wanke shi, kuma Orval ya san ba abin da ke wanke fulogi sai ruwa. Ya kwance kan injin na ɓangaren, ga shi kuwa gasket, fallen da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa, ya fara ci tsakanin silinda da hanyar ruwa, siririn layi kamar gashi. Da an sake gudu a haka, da injin ya tafasa a mil na biyu.

A nan ne ya tsaya, gasket ɗin a hannunsa. Ba wanda ya gani sai shi. Lyle ya tafi sayo musu burodi da nama, Bernice tana cikin inuwa tana shafa man kare fata a ƙarƙashin haɓarta saboda hasken da gishiri ke dawowa da shi. Da ya mayar da shi yadda yake, da magana ta ƙare. Amma injin ne zai ji jiki, kuma Orval zai iya cutar ƙanin matarsa, ba zai iya cutar injin nan ba. Ya kankare wurin, ya ɗora ƙarfen awo ya tabbatar bai lanƙwashe ba, ya sa sabon gasket, ya ɗaure notuna ashirin da huɗu daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku, yana ƙirgawa a ransa. Aiki ya yi kyau har ya ji haushin kansa.

Saura jet. Ɗan ƙarfen tagulla ne mai huda, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, biyu a kowace kabureta, kabureta uku. Girman hudar ke yanke yawan man da inji zai sha. Iska mai zafi ba ta da kauri, mai kaɗan take so. Mai sanyi tana da kauri, tana son mai da yawa. In man ya gaza, fistan ya narke. In ya yi yawa ba abin da ke lalacewa, inji dai ya yi nauyi kamar wanda ya cika ciki, gudu ya ragu mil uku ko huɗu, kowa ya ce ai yau gishirin ne ba daɗi.

Masu hasashen yanayi sun ce safiyar gobe ɗumi za ta yi kamar sauran safiyoyin makon. Littafin Bernice ya ce irin wannan safiya lamba arba'in da shida take so. Orval ya buɗe gwangwanin tabar da yake tara jet a ciki, yatsunsa suka wuce arba'in da shida, suka wuce arba'in da takwas, suka ɗauko hamsin guda shida. Ya gaya wa kansa kare injin yake yi, tsoho ne, gara mai ya yi yawa. Ya gaya wa kansa mutumin da bai taɓa fasa farce a kan ƙarfe ba bai kamata ya shiga littafin ba. Ƙasan duk wannan ya san gaskiya: ba ya son ya buɗe shafin nan baɗi ya ga Brandvold a inda Haskett yake, kuma ya fi son ya mutu da ya gani.

Lyle ya dawo da abinci ya leƙa ya tambaya ko komai lafiya. Orval ya nuna masa tsohon gasket. Lyle ya juya shi a hannu, bai ga komai ba, amma ya ce ya ceci ransa, ya kuma ba shi rabin nasa burodin.

Da asuba Orval ya buɗe ƙofar gida, sanyi ya mare shi. Wata iska ta sauko daga arewa wadda ba wanda ya yi zancenta. A fili mutane sun saka rigunan sanyi a tsakiyar Agusta, suna riƙe da kofin kofi hannu bibbiyu, makanikai suna ta zagin masu hasashe. Orval ya tsaya ya shaƙi iskar, ya ji kaurinta a hancinsa. Ya fi kowa sanin lambar da irin wannan iska take so: hamsin. Lokacin taɓa mota kuwa ya wuce, an riga an jera su a layi.

Ya tura motar da a-kori-kura, ta kama, ta tafi. Shekara kusan arba'in yana sauraren injin nan, bai taɓa jin ya yi kuka mai tsabta irin na ran nan ba. Sautin yana hawa yana hawa ba gargada, har ya ɓace a bayan fili. Rediyo ya ce ɗari da sittin da uku da ɗigo biyu. Motoci biyu da suka bi bayansa suka narkar da fistan, don sun ɗaura ƙananan jet da jiran ɗumi.

Kafin azahar labari ya gama fili. An buɗe injin an auna shi, an tabbatar da tarihin, kuma wani ya ga lambar jet. Tsohon nan ya san sanyi na zuwa tun jiya da rana! Mutanen da suka yi shekaru ba su ce masa komai ba sai sannu suka yi layi suna miƙa masa hannu. Wani daga California ya tambaye shi ko a ƙugunsa yake jin canjin yanayi. Lyle ya hau bayan a-kori-kura ya gaya wa jama'a shi totur kawai ya taka, tarihin na Yaya ne, ga mutumin da ya sa hannunsa ya karya tarihin kansa don ƙaninsa. Yana faɗa yana share hawaye. Orval ya so gishirin ya tsage ya shige.

Da yamma suna wanke gishiri daga ƙarƙashin mota a ƙofar gida, Bernice ta zauna a kan dakali ta buɗe littafinta. Shekara arba'in da huɗu suna tare, ita ta rubuta kowace lamba a cikinsa.

"Hamsin ka ce?"

"Hamsin."

"Me zan sa a gurbin dalili?"

"Sa sanyi."

"Orval, ƙarfe biyu na rana ka ɗaura su. Ina zaune ina gumi."

Ya ci gaba da fesa ruwa a tayar da ta riga ta fita tas. Ta dube shi ta daɗe, ba faɗa a fuskarta, tausayi ne, kuma da faɗan ya fi masa sauƙi. Ta rubuta lambar, ta bar gurbin dalili babu komai, ta rufe littafin ta shiga ɗora abinci.

Ba ta sake tayar da maganar ba, Lyle kuwa har yau bai sani ba. Ya sa an rubuta sunan Orval a jikin motar da manyan haruffa, sun fi nasa girma. Duk Agusta yanzu, tun ranar farko matasa da tsofaffi ke zuwa rumfar Orval da fuloginsu a hannu, suna tambayarsa yadda yake ganin iskar gobe. Yana duba musu, kuma yana gaya musu gaskiya, don ya daina yarda da ƙaryarsa. Ya yi suna fiye da wanda ya yi a shekara ashirin da ɗaya na littafi, bai kuma ji daɗin ko kwana ɗaya a ciki ba.

Hassadar ma ba ta tafi ba, kada wani ya ce maka ta tafi. Idan sabon littafi ya fito yakan ce shi ba ya dubawa, sai Bernice ta same shi a gareji da shafin a buɗe, yatsansa a kan Brandvold, yana cewa ko yanzu mutumin nan makara yake yi wajen sa giyar ƙarshe.