Uwar Mijina Ta Kwance Darninta Don Ajin Ɗana

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Ni mace ce daga wani ƙauye na ƙasar Kurfai, ba nisa da Filinge. Lokacin da abin nan ya faru ina da yara uku, mijina ya tafi bida, wato neman kuɗi, can Kwatano, ni ce uwa ni ce uba a gida. Ba zan ɓoye muku ba, a wancan zamani zuciyata kusa take, duk unguwa an san ba a taka ni in yi shiru. Gida ɗaya muke da uwar mijina, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ɗakinta na gefe guda, kewaye da darnin zana sabo fil da ɗanta ya ɗaura mata kafin ya tafi, ga 'yar rumfa inda take wuni tana saƙar faifai.

Wadda ba ta riƙe 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, a kaka ba ba ta san gajiya ba. Hatsi na jiran yanka, wake na fashewa a gona, ga kuma lakwal ta koma. Da sassafe in ɗumama tuwo, babbar ɗiyata ta ɗebo ruwa a rijiya, mai bi mata kuwa sai na bi shi da tsawa kafin ya gano inda ya jefar da takalminsa. Da rana su dawo tufafinsu cike da ƙarangiya, ina cira ina faɗa, su kuma suna rigima kan tumun da na gasa. In la'asar ta yi mu wuce tsinkar wake gaba ɗaya. Autana a shekarar aka rubuta shi ajin farko, kuma tun damina ya hana mu sakat da zancen. Na ɗinka mishi jaka da buhun shinkafa, ko tuwo zai ci tana rataye a wuyansa.

To lakwal ɗinmu ajin siminti na manyan yara ne kawai. Ajin ƙanana iyaye ke ɗaura shi duk kaka da karan hatsi da zana, in damina ta faɗi ya rushe. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, kara ya yi gajere, daji kuma fayau babu ciyawa. Kowa sai ya shiga kwashe karansa yana jibgewa bisa ɗaki da rassan itace saboda dabbobi. Ni ma ina da saniya ɗaya da 'yan awaki, na tara nawa, wallahi ko kaza ban yarda ta taɓa shi ba. Daraktan lakwal ya tara iyaye ya ce an turo sabon malami don ƙanana, amma an gaya mishi in wata ya ƙare babu inda yara za su zauna, za a maida malamin wani gari. Mu kuwa ba kowace shekara ake ɗaukar sabbin yara a ƙauyenmu ba, sai an tsallake ɗaya. In autana ya rasa wannan, kafin wata ɗauka ta zagayo shekarunsa sun wuce.

Duk na ji wannan da kunnena, amma me na yi? Na aika da ɗan damin da ko akuya ba za ta ƙoshi da shi ba. Na ce masu manyan gonaki da amalanke su fara, ni mace ce mijina ba ya gari. Ashe kowane gida da irin tasa hujja. Yaran nan suka yi ta zama a gindin aduwa, inuwa na gudu malami na bin ta da allo, awaki na ratsa su. Da abin ya ishe shi ya ce su zauna gida sai an ga abin da iyayensu za su yi. Autana ya shigo yana kuka har da majina, ni kuma na dawo daga gona a gajiye, na daka mishi tsawa na ce ya ɓace mini da gani. Ya ja jakarsa ya shige rumfar tsohuwa.

Ranar Asabar babu lakwal, tsohuwa ta ce in bar mata manyan yaran tana da aiki da su. Na tafi wake ni kaɗai ina gunaguni. Da azahar na dawo da kaya a kai, ina shiga gida na tsaya cak. Darni babu, rumfa babu, sai ramukan dirkoki a ƙasa. Ƙofar ɗakinta ga ta nan tana kallon hanya, makewayinta kuwa tabarma guda ta rataya a igiya. Ɗiyata ce ta ba ni labari. Ta ce tsohuwa ta sa su sun kwance komai, suka yi ta kai zana lakwal a kai, ita kuma tana biye da su da dirka a kafaɗa, sanda a ɗaya hannun, tana tafe tana hutawa. Kuma ba ta bi ta bayan gari ba, ta gaban masallaci ta bi inda maza ke zaune suna shan shayi. Gaisuwa kawai ta yi ta wuce. Kafin ta isa, mutanen nan sun miƙe, wani ya karɓe dirkar, wani ya ruga ɗaura jakinsa a amalanke don kai nasa karan.

Ni fa haushi na fara ji, ba zan yi ƙarya ba. Na same ta zaune a rana tana shafa gwiwa, na ce yanzu me take so duniya ta ce da ni, a ce na bar uwar mijina a fili kamar marar kowa? Ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina, wa zai tsaya leƙen tsohuwa irinta, ita da rana kuma sun daɗe da sanin juna. Sannan ta sauke murya ta ce akwai abin da ban sani ba. Ranar da aka zo rubuta yara lakwal a zamaninsu, ita da hannunta ta ɗaga ɗanta, mijin nawa, ta jefa shi cikin rumbu ta rufe har baƙin suka tafi, mata na yaba mata wayo. Ta ce ga shi can yau a ƙasar mutane yana ɗaukar kaya, ko sunan unguwar da yake bai iya karantawa ba. Ta hana ɗa, ba za ta zauna a inuwa tana kallo jika ma ya rasa ba. Kai, na rasa inda zan sa idona.

Kafin magariba aji ya tsaya da rufinsa. Ranar Litinin autana ya dawo yana tsalle yana gaya wa kowa wai su a ɗakin Inna kakarsa suke karatu. Na sauko da karana zan yi mata sabon darni, ta rantse ba za a ɗaura ba sai an fara toshe gefen ajin da rana ke shiga. Haka na kai rabi can, ta ci gaba da wanka bayan tabarma har na samu aka kewaye ta da sauran. Da rani abincin dabbobi ya yanke mini, na sai da awaki, saniya ta rame ƙwarai amma ba ta mutu ba. Malami ya zauna, yaron ya yi karatunsa, yanzu haka yana kwaleji a Filinge.

Abin da na koya shi ne, kowa na iya jiran wani ya fara har abu ya lalace, kuma mu da muke ganin mu ke wahalar yara ba lalle mu muka fi son su ba. Iyaye 'yan'uwana, in kaka ta yi aka ce a kawo kara, don Allah kada ku tsaya duba abin da maƙwabci ya kai. Kada kuma ku raina tsofaffin da ke zaune a gefen gidajenku. Wannan baiwar Allah ta rasu shekarun baya. Na yi mata fura, na yi mata wanki, na yi jinyarta, amma kunyar surukuta ta hana ni in buɗe baki ko sau ɗaya in ce mata na gode. Shi ya sa na rubuto muku. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya sa ta a addu'a, Allah Ya ba ta inuwa a inda take.