Jar Ƙwayar Inna

Duk lokacin da na haɗiyi jar ƙwayar nan ta ƙarin jini, sai bakina ya yi ɗanɗanon tsatsa, kamar na tsotsi ƙusa. Daga nan sai Inna ta faɗo mini a rai.

Damina ce, a ƙauyenmu can gefen Doguwa, masara ta yi goyo. Inna na da tsohon ciki. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta ɗaga taɓarya kaɗan sai ta nemi wuri ta zauna tana haki. Baba ya kai ta asibiti Tudun Wada a kan babur, aka ce jininta ya yi ƙasa, suka dawo da jajayen ƙwayoyi a ƙullin leda.

Ba ta daɗe da fara sha ba, bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin. Da ƙyar ta iya faɗa wa Kaka, uwar Baba, saboda kunya. Kaka ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, maganin nan hanjinki yake ƙonawa. Ba ki ga gawayi ne ke fita ba?"

Ta karɓi ledar ta juye a masai. Kada ku ce muguwa ce, wallahi babu mai son Inna kamarta. Ta hana ta daka, ta hana ta zuwa rijiya. Kullum sai ta jiƙa mata zoɓo, wai ja ne, ja kuwa shi ke zama jini. Ta sayar da kazarta ta sayo ganyen shayi da madara, Inna ta riƙa kora tuwo da shi safe da yamma.

Ana tsakiyar girbi Inna ta haihu. Unguwar zoma ta ce jinin da ya zuba bai fi na kowace mace ba. Inna ce dai ba ta da na zubarwa. Kafin a samo mota, rai ya yi halinsa. Jaririn ya rayu, Kaka ce ta raine shi.

Yanzu ni ke da ciki. Ranar awo malamar asibiti ta miƙo mini irin ƙwayar nan sak.

"In kin ga baƙin bayan gida kada ki tsorata," in ji ta. "Sinadarin ƙarfe ne a ciki. Kaɗan hanji ke tsotsa ya aika ɓargo, a can ake yin jini. Ragowar ce ke fita baƙa. Ki riƙa sha da lemon zaƙi, ban da shayi, shi hana hanjin ɗauka yake yi."

Na ce to. Ta ce ko ina da tambaya, na ce babu.

Na ɗauka zan yi kuka a hanyar gida, ban yi ba. Haushi ma na nema na rasa. Haushin wa zan ji? Kaka ta daɗe da rasuwa, ta tafi tana ganin ta yi iya yinta.

Yau da safe na ga nawa ya yi baƙi ƙirin. Na tsaya na dube shi. Sannan na fito na wanke hannu, na ɓalli ƙwayar yau na haɗiye.