Me Na Ce Maka?

Wannan abu da ni ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma na kai shekarun da ba zan ɗauki ƙarya in shiga kabari da ita ba. Ban yi boko ba, jikata ke rubutawa, na kuwa gaya mata duk abin da ta rubuta sai ta karanto mini. A Wagini nake zaune lokacin, kafin daji ya lalace mu dawo cikin Batsari. Da kaka ne, an cire wake, alhazai suna ta dawowa daga Makka.

Sai kun fara sanin halina. A gidana ba a amsa aike da "to". "To" ba ta da uwa ba ta da uba, wanda ya ji zai ce to, wanda hankalinsa ke wurin wasa shi ma zai ce to. In na aiki yaro sai in tsare shi da ido in ce, "Me na ce maka?" sai ya maimaita tsaf kafin ya ɗaga ƙafa. Ranar kasuwar Batsari kuwa, in muka zo bakin titi, ba mai ƙetarawa sai ya ce, "Inna, in tafi?" Mata sun sha cewa na cika tsanani. Su suka sani.

Autana Sanusi shi ya yi karatu mai nisa, har ya samu aiki a filin jirgi can birni, a saman hasumiyar nan da ake ba jirage hanya. Ya taɓa gaya mini yana dariya wai aikinsu dokata ce, duk abin da ya faɗa wa matuƙi a oba-oba, rediyon da suke magana da ita, dole matuƙin ya maimaita masa. Na ce ashe masu jirgi ma sun yi hankali.

Ran nan bayan azahar ina sheƙar wake a gindin rumbu, Hajo matar ƙanen maigidana tana daka gero kusa da ni, rana tsaka, kaji na ta tsince-tsince, ba wani abin tsoro. Sai na ji muryar namiji daga bayan rumbu, a hankali amma ras, ya ce, "Inna, in tafi?"

Kun san mu nan ba a amsa kiran wanda ba a gani ba, tun muna yara aka hore mu da haka. Amma wallahi bakina ya riga hankalina. Na ji kaina na daka tsawa, "Tsaya! Me na ce maka?"

Muryar ta ce, "Kin ce in tsaya."

Hajo ko dakanta ba ta fasa ba, ta ce, "Yaya, da wa kike? Ko tsufan ne ya fara aiko da sallama?" Ban kula ta ba, na zagaya rumbu, ba kowa, ba sawun kowa, sai kara da danga. Ta rantse ita tawa muryar kaɗai ta ji.

Muryar ba ta Sanusi ba ce sak, ta fi tasa kauri, amma wa ya rage a duniya da zai tambaye ni haka in ba shi ba? Na sha jin manya na cewa mai rai ba ya kiran uwarsa daga nesa sai in tafiya ta zo masa. Na ari wayar mijin Hajo na hau tudun da ake samun sabis, aka kira, aka sake kira, a kashe. Haka na yi kwanaki, duk mashin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce shi ke nan an kawo saƙon.

Wata safiya sai ga Sanusi ya shigo da ƙafarsa, ya rame, ido ya faɗa. Ya durƙusa muka gaisa, ya ce yana tare da baƙo a zaure. Na ce ya shigo. Baƙon ya yi sallama daga bakin ƙofa, ni kuwa faifan da ke hannuna ya suɓuce, don muryar bayan rumbu ce, ko a mafarki na ji ta zan gane. Na daure na ce, "Wa alaikumus salam, wane ne?" Mutumin, ƙato da shi, da furfura a gemu, sai ya zube nan ƙasa inda yake, ya dubi Sanusi ya ce, "Ita ce."

Matuƙin jirgi ne, asalinsu mutanen Safana. Su biyu suka haɗu suka ba ni labarin. A ranar nan, da azahar ɗin nan, jirgin alhazai na saukowa cike da mutane, shi kuma baƙon nan yana ƙasa da nasa jirgin a bakin titin jirage yana jiran izinin shiga. Lambobin da ake kiran jiragen biyu da su sun yi kama kamar Hassan da Husaini. Sanusi ya ba na sama titi, na ƙasa ya ɗauka da shi ake. Matuƙan biyu suka amsa lokaci guda, oba-oba ta yi ƙara ta haɗiye maganar, Sanusi ya ji wutsiyarta kawai, ya ɗauka daidai ne, ya juya ga wani aiki.

Na ce, "Ka ce ya maimaita?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban ce ba, Inna."

Na ce, "Ashe ‘to’ ka karɓa."

Matuƙin ya ce ya saki birki, jirgi ya doshi layin da ba a ƙetarewa sai da izini, sai zuciyarsa ta yi rawa, ya ce a ransa, Inna, in tafi? Ya rantse bai buɗe baki ba, kuma tasa mahaifiyar ta daɗe da rasuwa, bai san abin da ya kawo ta ransa ba. Sai ya ji tsawar tsohuwa cikin abin kunnensa da Hausa, ya take birki kafin ya yi tunani, ya amsa kamar yaro. Bai rufe baki ba jirgin alhazai ya wuce ta gaban hancinsa har nasa ya girgiza. Abokin tuƙinsa da ke gefe bai ji wata tsohuwa ba.

Aka dakatar da shi da Sanusi duka biyu, aka karɓe wayoyi ana bincike, shi ya sa ban samu Sanusi ba. Akwai na'urar da ke naɗe duk maganar da aka yi, aka kunna ta gaban manya. Babu muryata a ciki. Sai ta matuƙin shi kaɗai yana cewa, "Kin ce in tsaya," a bayanta kuma ƙarar taɓarya a turmi, tim, tim, tim. Sanusi ya ce manyan sun yi ta tambayar wa ke daka a filin jirgi, shi kuwa da ya ji kalmomin ya san gidan da ake magana haka.

Hajo na jin wannan ta ɗauke turminta daga gindin rumbun, har muka bar Wagini ba ta sake daka a wurin ba. Na kai wa limaminmu zancen, ya ce Allah yana da rundunar da ba mu sani ba, in yi sadaka in kama bakina. Sanusi an mayar da shi aiki bayan an sake horar da shi. Matuƙin kuma duk sallah sai ya zo gaishe ni, Inna yake ce mini, amma har yau in ya yi sallama sai tsikar jikina ta tashi.

Ni ban san yadda aka yi ba, ba kuma zan ƙirƙiro muku dalili ba. Abin da ke tayar mini da hankali har gobe shi ne, a ranar na gaji, hannuna cike da wake, ƙaiƙayi na shiga idona. Da na ce masa "to" fa?

Ku da ke karantawa, ko jirgi kuke ba hanya ko yaro kuka aika sayen gishiri, kada ku saki mutum sai ya maimaita muku abin da kuka ce.