Ni Na Sa Tsohon Ya Rufe Ogan Ɗinsa

A lokacin shekarata ashirin da shida, ga goyo ga zafin kai, na biyo maigidana Kuala Lumpur inda yake karatun digiri na uku. Muna zaune a hawa na tara a wani bene a unguwar Cheras. Shi in ya fita da safe sai magariba, ni kuwa ina ɗaki kamar kaza a akurki, ba na jin Malay, yaren ƙasar, Turancin ma sai a hankali. Kuma ni irin mutanen nan ce da in suka ƙulla abu a rai, ko limamin Juma'a bai isa ya kwance shi ba.

Bango ɗaya ya raba mu da wani tsoho ɗan asalin Sin da kowa ke kira Ankul, shi da matarsa wadda ba ta fita. Kullum bayan la'asar sai kiɗa ya taso daga ɗakinsu, mai kauri, mai jan numfashi, har kofunan kantata su riƙa rawa. Ogan ne, wannan da ya yi kama da fiyano, ana danna shi da hannu ana taka shi da ƙafa. Ni kuwa a garinmu ban taɓa jin sautinsa ba sai in na gifta ta bakin coci. Shi ke nan na yanke cewa waƙar coci ake ɗura wa 'yata ta bango. Baban yarinyar ya ce shi dai kamar kiɗan tsofaffin finafinai yake ji, in bari ya je su gaisa ya tambaya. Na ce wallahi ba inda za shi, me ya haɗa mu da su? Har wasu 'ya'yan itacen can da ake kira rambutan tsohon ya taɓa rataye mana a ƙofa, na ba mai shara.

Abin da na yi shi ne na rubuta ƙara zuwa ofishin masu kula da benen, na ce kiɗan yana hana mu sallah. Ƙarya ce, Allah Ya yafe mini. Na bi matan 'yan uwanmu uku da ke wasu hawa, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa jin kiɗan ba, suka sa hannu saboda kara. Takardar gargaɗi biyu aka kai masa, kiɗa ya ɗauke ɗif. Har dambun nama na raba don murna.

Bayan kamar wata uku wata mata ta ƙwanƙwasa mana, ta ce ita 'yarsu ce, babanta ya aiko ta ta ba maƙwabta haƙuri, don bai san wanda ya takura wa ba. Na ba ta kujera. A nan ta gaya mini cewa tun yana yaro ya koyi ogan wajen wani da ke kaɗawa a siliman garinsu kafin a fara fim, daga baya shi ma ya riƙa kaɗawa kai tsaye a gidan rediyo da yamma. Mahaifiyarta tana budurwa ta ji shi a rediyo, ta aika wasiƙar neman waƙa, auren ke nan. Yanzu ciwon mantuwa ya kama tsohuwar, ba ta gane kowa, sai in ya kaɗa mata taken buɗe shirinsa na rediyon nan. Lokacin ne take kiran sunansa, ta yarda ta ci abinci daga hannunsa. Da ya rufe ogan ɗin ya gwada rera mata da baki, ya gwada sa mata abin kunne, ta fizge ta yar. Ƙarshe in ya matso sai ta ƙwalla ihu wai ɓarawo ya shigo. Ta rame, dole za a kai ta gidan kula da tsofaffi.

Ranar da suka fara kwashe kaya, aka fito da ogan ɗin ina tsaye a bakin ƙofa. A jikinsa na ga jadawalin lokutan sallah manne da salatif, an ja layi da biro a ƙarƙashin magariba. 'Yar ta ce tun zuwanmu ya je masallacin ƙasa ya karɓo, don ya riƙa tsayawa kafin a kira sallah. Sai a lokacin na tuna ko sau ɗaya kiɗan bai taɓa haɗuwa da kiran sallah ba. Tsohon ya juyo, ya rusuna mini, ya ce in yi haƙuri in ya taɓa tayar mini da jaririya. Kun san abin da na ce? Na ce ba komai. Ni da bakina, ba komai! Na shige ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi ba, amma ban fito na faɗi gaskiya ba. Kafin in tara ƙarfin hali sun tashi, daga baya mai shara ta ce mini tsohuwar ta rasu.

'Yan uwana mata da ke bin mazajensu ƙasar wasu, rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, don an miƙo mini fitila na ture. Kada ku auna maƙwabci da abin da kuka saba ji a gida, kada kuma ku sa hannu a ƙarar abin da kunnenku bai ji ba. Ku ƙwanƙwasa ku tambaya. Shi da ba addininsa ba ya kiyaye mini lokacin sallata, ni kuwa na yi ƙarya da sunan sallar na raba shi da matarsa tun tana raye.