Ƙaramin Batirin Motar Malam

Motar lantarki ce, fara, ta hannu. Maigidana, wanda nake kira Malam, ya sayo ta a Kano shekarar da ya ajiye aikin koyarwa a Kiyawa, ya ce ya gaji da layin gidan mai. Ya ajiye ta a garejin gidanmu na Limawa, yana yi mata caji da solar da ke kan rufinmu.

Daga bakinsa na san batirinta biyu ne. Akwai babba a ƙarƙashinta, shi ke jan motar. Akwai kuma ƙarami a cikin bonet, irin na kowace mota, shi ke buɗe ƙofa ya tashi na'urorinta. In ƙaramin ya mutu, ko babban a cike yake, ba ta motsi. Ni a lokacin, da rabin kunne nake sauraronsa.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, tuƙi ya gagara. Wata safiya ya dogara sanda ya ce in biyo shi gareji.

“Uwargida, zo ki zauna nan.”

“Malam, ni da ban iya tuƙi ba?”

“Ba tuƙi za ki yi ba. Taka birki, ki danna wannan. Kin ga koriyar fitilar can? To, yanzu babban yana ciyar da ƙaramin. Ki bar ta haka gwargwadon dahuwar shinkafa, kowane mako. Zama ne yake kashe shi, zama da zafin rana.”

Ya nuna min kawunan batirin, ya ce in na ga wani farin gari kamar kanwa ya taru a kansu in goge da busasshen tsumma, mota a kashe. Ya ce kada in bar rediyo ko fitilar ciki a kunne in ba koriyar nan. Na ce ya bari sai ya warke ya yi abinsa. Ya yi murmushi kawai.

Da aka kwantar da shi a asibiti, in na kai abinci, kafin ya tambayi yara sai ya ce, “Kin kunna ta?” Har haushi nake ji. Mutum yana fama da ransa yana zancen mota. Amma ina kunnawa.

Ya rasu da damina, gero yana fidda kai.

Kwanakin zaman makoki ban san inda kaina yake ba, ko tunawa da motar ban yi ba. Gida cike da mata daga Kiyawa da ƙauyensu, tabarmi har bakin gareji. Sai da ƙafa ta ɗauke na ɗauki makulli na je. Na danna, ƙofa ba ta buɗe ba. Na sake dannawa. Ko fitila ba ta ƙifta ba. Nan na zauna a ƙasa, na jingina da tayar, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Ƙaninsa ne ya same ni a haka. Ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri, ƙarfe ne, ana gyarawa.” Ya kira wani mai gyaran wayarin mota daga cikin Dutse. Mutumin ya zaro siririn makulli daga cikin rimot, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga bonet, ya jona wani batir da ya zo da shi. Gaban motar ya kawo haske. Ya ce batirin bai lalace ba, yunwa ce kawai, amma in ya sake yin irin wannan suman ba lallai ya tashi ba.

Duk tsawon takabata ban sake bari ya yi sanyi ba. Ba na fita ko'ina, gareji kuwa a cikin gida yake. Ranar Alhamis da hantsi nakan shiga, in taka birki, in danna, in zauna. Ƙanshin turarensa bai bar kujerun ba. Wani lokaci in yi masa addu'a, wani lokaci in ba shi labarin yara, wa ya haddace wace sura, wa ya ƙi cin tuwo. Nan ne kaɗai babu mai ce min in daina kuka.

Bayan na fita takaba aka zauna rabon gado. Yaranmu ƙanana ne, ba mai tuƙi, sai aka tsayar a sayar da motar. Ban musa ba, gaskiya ce. Wani mai sayar da hatsi daga Ringim ya zo ɗauka tare da ƙanin Malam. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, “Alhaji, don Allah kada a bar ta ta daɗe a ajiye. Ko ba za a fita ba, a riƙa kunna ta. A sa ta a inuwa.”

Ya ce, “In sha Allahu, Hajiya. Allah ya jiƙan mai ita.”

Ya shiga ya zauna. Shi gajere ne, Malam kuwa dogo, ƙafarsa ba ta kai birki sosai ba. Wata da watanni ni ma da ƙyar nake miƙa tawa, amma ban matsar da kujerar ba, tana nan yadda Malam ya bar ta. Mutumin ya sa hannu ƙasa ya jawo ta gaba.

Na saki labule na koma ɗaki. Ban ga fitarsu ba.